Takardun da Inna Ba Ta Ƙunsa Ƙosai da Su

Littafin waƙoƙina na farko a ƙunshin ƙosai ya ƙare. Inna ce ta yayyage shi, shafi bayan shafi, ta sallami masu karin kumallon layinmu, kuma ba da wata manufa ta yi ba. Tun bayan rasuwar Baba, wanda direban babbar mota ne, take suyar ƙosai a ƙofar gidan hayar da muke zaune a Badarawa, kuma a wurinta duk takardar da aka rubuta da boko, in dai ba a kulle take a akwati ba, ta ƙunshi ce. Na dawo daga makaranta na tarar da bangon littafin kaɗai. Wata uku na yi ina wannan rubutun. Na bi layi har bakin kwata ina tsintar takardu masu maiƙo, na samo biyu, ɗaya ma akuya ta riga ta ci rabinta.

Ina ajin ƙarshe na sakandare a lokacin, wajen tsakiyar shekarun casa'in. Rap ya shigo mana ne ta kaset-kaset na 'ya'yan sojojin da muke aji ɗaya da su. Turancin ba ma kama ko rabinsa, amma yadda ake zuba magana a kan kiɗa ba tare da an rera ba, wannan ya shiga jinina. Abokina na ɗakin da ke kallon namu, ɗan wata malamar firamare daga kudancin Kaduna, shi ke kaɗa fiyano a cocinsu ranar Lahadi, kuma yana da wani ƙarami mai batir a gida. Shi ya ba da kiɗa, ni in zuba Hausa. Ranar Asabar mu je duk makarantar da ake gala, mu kara da 'yan Unguwar Shanu, waɗanda suka fi mu kayan sawa amma muka fi su baki.

Salla kuwa ba ta wuce ni. In an kira, sai in cire hular da na juya bakinta baya, in ɗora ta masallaci, in an idar in dawo in musanya. Ban taɓa zama na tambayi kaina ko hulunan nan biyu suna ga maciji da juna ba. Kowace da ƙusarta a bango.

Bayan asarar littafin nan sai dabara ta zo mini, irin dabarar da mutum ke yaba wa kansa a kanta. Inna ba ta karatu, na boko ko na Larabci, sai surorin da take salla da su, waɗanda ta haddace da ka. Amma takarda mai harafin Larabci ba ta kwana a ƙasa in dai idonta ya gani. Ko a tsakiyar titi ce za ta sauke tirenta, ta ɗauka, ta kakkaɓe, ta soke ta a tsagar bango. Ni kuma na yi makarantar allo tun ina ƙarami, hannuna ya faɗa da ajami. Sai kawai na koma rubuta waƙoƙina da ajami. Riba biyu na ci: sun tsira daga ƙosai, kuma 'yan ajinmu masu satar baiti sun daina leƙen littafina.

Akwai abu ɗaya da ban lissafa da shi ba. Hannun da bulalar malam ta horar ba ya fara harafin Larabci haka kawai. Duk shafin da na buɗe, kafin in ankara na riga na rubuta Bismillahi a samansa. Ita kuwa Inna, a duk rubutun duniya wannan kaɗai take ganewa da ido.

Nakan ɓata shafi in dunƙule in jefar, da safe in nema in rasa. Sai wata rana ina neman allura a saman kabad na ci karo da tsohon gwangwanin biskit kusa da Alƙur'anin Baba. Na buɗe. Ga takarduna nan duka, an warware su, an miƙar da su da tafin hannu, an jera. Dariya na yi, na mayar da murfin. Daga baya duk takardar da na bari a fili, ɓatacciya ko mai kyau, can take ƙarewa.

Daga nan rayuwata ta yi daɗi. In na zauna da biro a bakin ƙofa, aike ya haramta a kaina. Yaran gidan haya in sun cika ihu, sai ka ji Inna ta leƙo ta ce, "Ku tahi waje, Auta na karatu." Tsokar da ta fi girma a miya ta koma kwanona. Na ji ta da kunnena tana gaya wa mai markaɗe cewa Allah ya ɗauki direba ya bar mata malami. Ina jin haka na ƙara sunkuyar da kai a kan baitin da nake nema wa amsa-amo, wanda a cikinsa nake kwatanta hancin wani ɗan Unguwar Shanu da murfin kwalba.

Abokina ne kaɗai ya san komai. Ya ce, "Kai, ka gaya wa tsohuwar nan. Ni ko da takardar waƙar coci ba zan yi wa Mama irin wannan wasa ba." Na ce masa ai ni ban taɓa buɗe baki na ce mata addu'a nake rubutawa ba, ita ta ɗauka haka. Ya dube ni ya ci gaba da danna fiyanonsa. Gaskiyar magana, daɗin tsokar nan nake ji, kuma daɗin yadda take kallona ya fi na tsokar.

A haka Yayata ta zo gida wankan jego da 'yarta ta fari. Jaririyar nan kuka kamar an aiko ta. An je asibiti an ce lafiyarta ƙalau, an jiƙa wannan an turara wancan, ba ta fasa ba. Wata ranar Talata na dawo daga sallar La'asar, Yaya ta miƙo mini ita ta shiga wanka. Ina jijjiga ta sai na ga sabuwar laya a wuyanta, jar fata, ɗinkin baduku, har da ƙanshin jima.

Na ce, "Inna, wane malami ne ya ba da wannan?"

Tana tsince wake, ba ta ko ɗago ba. Ta yi murmushi ta ce, "Malamin gida mana. Ina da kai zan tahi neman na waje? Cikin rubutunka na ɗauko, wadda ta hi tsawo, hannunka ya hi kyau cikinta. Ka ga ko, tun jiya ta rage kuka."

Na san takardar. Wadda ta fi tsawo, wadda na zauna na kwafe da kyau saboda ita na shirya wa karawar ƙarshen wata. A cikinta na bar hancin yaron nan na koma kan mahaifiyarsa, matar da ban taɓa gani ba. Na yi alfahari da 'yan matan da ban taɓa yi wa ko sallama ba, da abin shan da ban san ɗanɗanonsa ba. Duk wannan a ƙarƙashin sunan Allah, an naɗe, an ɗinke, an rataya wa jaririyar da ba ta yi arba'in ba. Tsoron Allah ya kama ni a tsaye, irin wanda ban taɓa ji ba ko a masallaci.

Zan iya yin shiru. Na ma yi tunanin in saci layar in ce igiya ce ta tsinke. Amma Inna za ta koma gwangwani ne ta zaɓo wata.

Na kwantar da jaririyar, na ɗauko reza, na yanke igiyar. Inna ta saki faifan wake ta ce, "Lahiya?" Na durƙusa na ce mata ba addu'a ba ce. Na ce waƙa ce, irin wadda take jin muna yi a ɗakin maƙwabta, wadda take kira surutun 'yan zamani. Na ce duk na cikin gwangwanin ma haka suke.

Ba ta yi salati ba, ba ta zage ni ba. Da ta zage ni da na fi samun sauƙi. Ta kalli layar a hannuna, ta ce, "Ɗauko gwangwanin." Na ɗauko. Ta gyara zama a tabarma. "Karanta mini. Duka. Hwara da wannan ta wuyan yarinya."

Na farke fatar, na warware takardar. Na karanta Bismillahi, na karanta baiti biyu, na kasa ci gaba. Ni da nake tsayawa gaban ɗalibai cike da zaure ba na ko ƙifta ido. Ta miƙo hannu ta karɓa ta ajiye a hagunta. "Ta gaba."

Haka muka yi har rana ta yi sanyi. Yaya ta fito daga wanka ta tsaya a bakin ƙofa, ta kasa zama ta kasa komawa. Wata takardar sai in karance ta tsaf: wadda na yi kan layin famfo da 'yan garuwa, wadda na yi kan yadda ake dukan ɗalibi don ya yi Hausa a aji, da wata kan Baba da babbar motarsa, yadda muke gane ƙarar hon ɗinsa tun daga kan kwana. A wannan Inna ta kawar da kai ta ja bakin zanenta ta goge ido, ta ajiye ta a dama. Wata kuma ina farawa sai in soma tsallake layi ina tari. Ba ta taɓa tambayata me na tsallake ba. Da ta ji muryata ta canza sai ta miƙo hannu. Tulin hagu ya fi na dama, ba kaɗan ba.

Da muka gama ta tura mini na hagun da rezar. Ta ce, "Cire sunan Allah daga kansu." Na bi su ɗaya bayan ɗaya ina yanke layin sama. Siraran yankunan ta tattara ta mayar gwangwani. Sauran ta ce in ajiye mata gindin murhu, da su ta hura wutar ƙosai washegari.

Sai ta tambaye ni, "Wannan abu shi ka ɗauka sana'a?" Na ce shi nake so. Ta ce, "Halas ne?" Na fara kawo mata abin da na sani, cewa wasu malamai sun hana kiɗa gaba ɗaya, wasu sun ce ya danganta da abin da aka faɗa. Ta katse ni. "Ni ban san wannan ba, ka tahi ka tambayi masu sani, kai da Ubangijinka. Abin da na sani, wanda ka iya karanta mini kanka a sama, ban hana ka karanta ma duniya ba. Wanda ka kasa, kada in ji shi bakin kowa."

Na je na tambaya, kuma na ji amsoshi iri biyu daga mutanen da nake girmamawa duka. Har yau ba zan ce na gama daidaita wannan magana a zuciyata ba, ranar da na tashi da nauyinta nakan yi istigfari in ci gaba. Amma ma'aunin Inna na riƙe. Karawar ƙarshen watan nan da waƙar famfo na shiga, 'yan Unguwar Shanu suka yi mana kaca-kaca, jama'a suka yi mana ihu, don zagi suka zo ji. Abokina bai yi ƙorafi ba, ya ɗauki fiyanonsa muka tako da ƙafa har gida. Bayan shekara biyu waƙar famfon nan ce aka fara sa mana a rediyo. Ban daina ajami ba, ban kuma daina buɗe shafi da Bismillahi ba. In na rubuta abin da na san zai kai ni ga reza, tun kafin in kai ƙarshen layi nake sokewa.

Kwana uku bayan yanke layar, jaririya ta dawo da kukanta. Inna ta same ni a bakin ƙofa, ta ce, "Ka iya Ayatul Kursiyyu har yanzu?" Tambayar ta yi mini zafi, amma na ce na iya. Ta ce in rubuta mata.

Na yi alwala. Na samo farar takarda sabuwa, na fere alƙalamin kara, na aro tawada a makarantar allon bayanmu. Ban taɓa ƙawata rubutu kamar na ranar ba, kowane wasali na zaunar da shi a wurinsa. Na jira ta bushe, na kai mata da hannu biyu, raina fes, ina ganin na biya.

Ta karɓa da hannu biyu ita ma. Ta duba saman shafin ta ga abin da ta sani, ta ce Allah ya yi mini albarka. Sannan ta naɗe takardar a gefen mayafinta ta zura takalmi.

Na ce, "Inna, baduku ai ba ya fitowa sai da yamma."

Ta ce, "Ba wurinsa za ni ba. Liman zan kai ma ya duba mini tukuna."

Liman ya duba, ya ce ba kuskure ko ɗaya, har ya yaba hannun. Ta dawo ta gaya mini haka da kanta. Na yi shekaru ina waƙa da saninta da addu'arta, duk tafiyar da zan yi sai ta dafa kaina. Amma ban sake jin ta kori yara ta ce Auta na karatu ba, kuma har ta koma ga Allah takardar da ta fito daga hannuna ba ta hau saman kabad sai wani ya karanta mata.