Ofisan Shanu

Ko tsufa ya ci ni ba na jin zan manta da zuwana na farko wani ƙauye da ke kusa da Kongolam a bakin iyaka, inda aka tura ni aikin duba dabbobi.

Ɗan acaɓan da ya ɗauko ni daga tasha shi ya ja min. Ya gan ni da wandon kakin bautar ƙasa da baƙar jaka, sai da ya sauke ni a ƙofar masallaci sannan ya ɗaga murya ya ce, "A huta gajiya, Ofisa!" Ni kuwa, da yake akwai ƙuruciya, har wani daɗi na ji. A Daura inda na tashi kowa ofisa ne: soja, ɗan sanda, ma'aikacin sakatariya, har maigadin banki in kana so ya bar ka ka shiga. Ban san cewa a bakin iyaka ofisa ɗaya suka sani ba, wato mai tare hanya ya ƙwace kaya.

Tun daga ranar, in na nufi majalisa sai hira ta mutu. Mai shayi yana zuba min, idonsa na kan jakata. In na tambayi inda garke yake, sai a ce, "Ai mu nan ba mu da shanu, Ofisa," alhali ga ɗanyen kashin shanu ina takawa. Nan fa ni ma zargi ya shige ni. Na ce a raina, mutanen da ke ɓoye shanu haka, anya ba na sata ba ne? Har na fara tunanin kai rahoto.

Wata tsohuwa mai sayar da fura ce ta warware mana. Tana dama min, sai ta ajiye ludayi ta dube ni.

"Ɗan nan, ni na tsufa da tsoro. Kai wai ofisan mene ne?"

Na ce, "Inna, malamin dabbobi ne ni." Na buɗe jakar na nuna mata allurai da kwalaben magani.

Ta yi salati. "Shi ne ba ka faɗa ba? An ce ka zo kama shanun da aka sayo daga ƙetare. Ɗana ya kora namu can cikin fadama, ga su suna ta tari!"

Ko furar ban sha ba muka kama hanya. Ciwon huhu ne ya shiga garken. Mun tarar da ɗan nata tsugune gaban wata saniya mai ciki da ta riga ta mutu. Da ya gan ni ya miƙe ya riƙe sanda, sai da uwar ta daka masa tsawa: "Likitan shanu ne, kauce!" Na yi wa sauran allura, Allah ya sa suka tashi. Yana riƙe min su yana cewa, "Malam, da mun sani."

Har yau saniyar nan tana damuna, don ba cuta kaɗai ta kashe ta ba. Su ba su tambaya ba, ni ban yi bayani ba, kowa ya zauna da zatonsa. Abin da na koya shi ne, babban suna in bai faɗi aikinka ba, tsoro yake sa wa mutane. Shi ya sa duk garin da na shiga yanzu, kafin a ba ni tabarma nake cewa, "Ni mai yi wa shanu allura ne."