Ranar da Mai Kitsona Ta Taje Karenmu

Ko me zan manta a zamana na Abuja, ban da ranar da na kusa shafe ɗan karen maigidana da baƙin mai. Lokacin ba a daɗe da komawa mulkin farar hula ba, gine-gine na ta tashi, ɓarayi kuma sun addabi unguwarmu a gefen Durumi. Shi ya sa maigidan ya sayo ɗan kare daga Jos, mai gashi kamar bargo. Ba a jima ba ofis ya tura shi kwas Legas, ya bar mini amanarsa.

Ni kuwa ko taɓa karen ba na yi, da ƙafa nake tura masa kwano. Da zafi ya shigo sai gashinsa ya fara zuba, har kan shanya. Hankalina ya tashi, na ce shi ke nan, ƙazuwa ce, zan kashe wa mutum karensa. Bakaniken layinmu ya ce baƙin man mota ne maganinta, ya ciko mini gwangwani.

Na ɗaure karen a gindin mangwaro, ina naɗa tsumma a sanda, sai ga mai kitsona, wata dattijuwa 'yar Filato.

"Madam, wannan mai zai ƙone fatansa fa. In ya lasa kuma, sai mutuwa. Kin duba jikin?"

Na ce ban duba ba. Kunya ta rufe ni.

Ta tsuguna ta tsaga gashin da yatsu kamar za ta fara kitso. Fata tas, ko ƙurji ɗaya babu.

"Rigan sanyi na Jos yake cirewa," in ji ta. "In na tsefe miki kai, gashi ba ya zuba? Kin mutu?"

Ta zaro babban matsefi daga jaka, ta fara daga wuya tana bin kwanciyar gashin, tana tsamo tattausan na ƙasa dunƙule-dunƙule. Karen ya lumshe ido ya miƙe ƙafafu. Da ta gaji ta miƙo mini, na karɓa na ci gaba da tajewa. Sai da muka cika leda biyu. Matsefin ma ta bar mini, wai ba kan da zai sake yarda da shi.

Daga ranar kullum da yamma sai na taje shi, in wanke hannuna. Zubar ta ragu. Maigidan ya dawo ya tarar da karensa yana sheƙi, kuma ni yake bi, ba shi ba.

Har yau in na tuna gwangwanin nan sai gabana ya faɗi. Na koyi in matsa kusa in duba kafin in nemi magani, don tsoro yana iya sa mutum ya halaka lafiyayye da sunan ceto.