Ranar da Alhaji Uba Ya Tafi Sayen Rake

Cikin duk tarurrukan da na zauna ina malamin gona a yankin Bunkure, akwai ɗaya da ba ya fita a raina. Ku da kuka shigo aikin yanzu ya kamata ku ji shi.

Ƙungiyar manoman rani da aka haɗa ni da ita ba ta ƙidaya hannu. Idan an kawo shawara, sakatare zai bi mutane ɗaya bayan ɗaya yana tambaya: “Wannan zai cuce ka?” Ba a tambayar ko kana so, cutarwa kawai ake nema. Mutum ɗaya ya nuna inda abin zai cuce shi, sai an gyara shawarar kafin a wuce. Ni kuwa ɗan kallo ne, ba ni da baki sai an tambaye ni.

Ran nan shugaba, Alhaji Uba, ya kawo shawarar a rufe ƙaramin kanal har mako guda a yashe shi, don laka da ciyawa sun cinye hanyar ruwa. Magana ce mai kyau. Sai dai na san Sale, wanda gonarsa ke can ƙarshen kanal, bai daɗe da dashen tumatir ba, ko kamawa bai yi ba. Mako guda babu ruwa, ya tashi a tutar babu. Ga shi kuma Sale ’yar Alhaji Uba yake aure.

Sakatare ya yi ta zagayawa, kowa na cewa babu cutarwa. Da aka zo kan Sale, mutumin da a kasuwar Kura ko ɗan kamasho ba ya iya kai shi ƙasa a musu, sai ya sunkuyar da kai yana wasa da bakin tabarma.

“Duk yadda Baba ya ce,” in ji shi.

Wallahi raina ya ɓaci. Na yi ta zare masa ido, shi kuwa tabarma kawai yake kallo.

Sakatare zai wuce, Alhaji Uba ya ɗaga hannu. “Dakata, Malam Idi. Ba ni aka tambaya ba.” Ya miƙe ya kaɗe riga. “Ni rake nake sha’awa. Mataimaki, riƙe mana taron.”

Mai sayar da rake kuwa yana can bakin titi, da nisa. Alhaji na shan kwana bakin Sale ya buɗe kamar an kunna rediyo. “Jama’a, ku ji tsoron Allah! Dashena ko miƙewa bai yi ba!” Aka kwashe da dariya. Wani ya ce, “Ashe kana da harshe!”

Nan da nan aka gyara. A fara sare ciyawar gefe ruwa na gudu, rufewar kuma a jira sai dashen ƙarshen kanal ya kama. Aka sake zagayawa, babu mai ja.

Alhaji ya dawo da rake a kafaɗa, aka faɗa masa yadda aka tsaya. Bai tambayi wanda ya ja ba. Cewa ya yi, “Madalla,” ya sa aka rarraba raken. Sale ya koma kallon tabarma.

Da muke tafiya wajen babura na ce, “Alhaji, ashe ka san da dashen?”

Ya ce, “Ban sani ba, Malam. Abin da na sani, yaron nan ko gonarsa na ce zan ƙona, ‘to’ kawai zai ce mini. Ka ga kuwa yardarsa a gabana ba yarda ba ce.”

Tun daga ranar, idan ana zagayen nan ba amsa kaɗai nake saurare ba. Sai na duba a gaban wa mutum yake zaune lokacin da ya ce ya yarda.