Mai Jita a Bakin Ƙofata

Ƙanwata mai sharar coci ce ta fara ba ni labarin Mai Jita. Ta ce shekara tara ya yi a kurkuku saboda ya soki mutum da wuƙa. A can ya karɓi Yesu, ya koyi jita, har ya zama mai ba da waƙa. Da aka sake shi danginsa suka ƙi shi, fasto ya kama masa ɗaki daura da nawa. Mai gidan haya ya ce ko ƙara ɗaya aka kawo, sai ya tashi.

Ni kam ko tarinsa na ji, sai in tashi in sa wa ƙofata sakata.

Ran nan da safe fasto ya aiko shi wurina da saƙo, ni ban sani ba. Na leƙa ta taga na gan shi tsaye a ƙofata, hannu a baya, yana rera waƙar yabo ƙasa-ƙasa, bai ƙwanƙwasa ba. Na rarumi taɓarya, ina kiran sunan Yesu.

Na ce, "Kai, me kake nema?"

Ya durƙusa. "Mama, don Allah kar ki kai ƙarata. Jira nake a buɗe. A can kurkuku wanda ya taɓa ƙofa duka yake sha."

Ashe ya fi ni tsoro. Ban kai ƙara ba.

Har yau ba wanda ya ba shi aiki, ni ma ban daina sa sakata ba. Amma mabuɗin coci yana hannunsa, shi ke buɗewa kowace Lahadi, jita rataye a kafaɗa.