Gurbin da likita kaɗai ke gani

Shekarar da na gama bautar ƙasa na samu aiki a wani ƙaramin asibiti a Anka, inda ake jinyar yaran da gubar dalma ta kama. Ni ba likita ba ne. Aikina shi ne tsara manhajar kwamfuta: wa zai ga wane gurbi a bayanan yaro. Mai rajista yana ganin suna da ƙauye. Mai ba da magani yana ganin nauyi. Gurbi ɗaya ne likita ta ce a kulle wa kowa sai ita, wanda ke cewa ko ana daka dutsen zinariya a cikin gida, da kuma inda ake dakawa, domin daga ƙurarsa gubar ke fitowa.

Maza ba sa son a faɗa, don suna tsoron a hana su aikin. Matan kuwa su ke dakan, wani lokaci a turmin gero.

Wata mata daga Tungar Daji ta kawo 'yarta, mai rajistarmu kuma ƙanin mijinta ne.

"Matarmu, kin taho birni shan shayi?" in ji shi.

"Tahi can, mijin banza, ko goro ba ka saye," ta ce.

Da ta shiga wurin likita dariyar ta ƙare. Aka kira ni in yi wa matar bayanin wanda zai iya ganin amsarta.

"Malam, wancan na waje yana ganin abin da ni ka hwaɗi?"

Na ce mata, iyakar sanina, ba zai gani ba. Na maimaita "iyakar sanina". Ta daɗe tana kallon yarinyar, sannan ta faɗa wa likita gaskiya, ana daka a gidansu.

Kullewar ta yi aiki, mai rajista bai ga kalma ko ɗaya ba. Sai dai manhajar, idan gurbin babu komai, fari take nuna shi. Idan an yi rubutu, sai ta jera taurari a maimakon haruffa. Wadda ta ce ba a daka, ba a rubuta mata komai. Ina jin ya daɗe da lura da haka.

Ya same ni da rana, babu wasa a fuskarsa.

"Injiniya, na gidanmu ya cika da taurari."

Na ce wataƙila wani bayani ne daban. Ya juya ya koma teburinsa.

A ranar na sa kowane gurbi ya riƙa nuna taurari, da rubutu ko babu. Na gwada da asusun mai rajista har hannuna ya gaji.

Ranar karɓar magani ta zo, matar ba ta dawo ba. Ma'aikatanmu sun je ƙauyen, aka ce ta tafi ganin Innarta wajen Gummi. Ban san ko gaskiya ne ba. Har na bar aikin, duk safiya ina buɗe shafin yarinyar. Ni ma nauyinta kawai nake iya gani, na ranar farko.