Takarkarin Baffa da Takardar Asurans

A garinmu Dakoro, takardar asurans, wato inshorar mota, ba ta da wani aiki da ya wuce a miƙa wa jandarma ta taga, ya duba kwanan wata, ya maido. Kowane mai mota yakan sayi wadda ta fi araha, ya sa ta a leda, ya cusa bayan madubi, ba ya sake tunawa da ita sai wa'adinta ya cika. Ban taɓa jin wanda ya zauna ya karanta ta ba sai ni. Da ban karanta ba kuwa, da wataƙila Baffa bai yi asarar takarkarinsa a banza ba.

Motar ta yayana ce, kat-kat mai buɗaɗɗen baya. Da ita yake jigilar mutane da dabbobi zuwa kasuwannin daji, Ɗan Gulbi, Ajekoriya, har rijiyoyin makiyaya can arewa. Kwalta kuwa ba ta takawa sai in rashin lafiya ya kai ta Maraɗi. Waɗanda suka ƙera ta da za su gan ta, wallahi sai sun rantse ba tasu ba ce. Mai walda na bakin tasha ya ƙara mata ƙarafa a ƙasa don ta ɗauki nauyin da ba nata ba. Ya gina mata keji hawa biyu a baya, tumaki a ƙasa, mutane a sama, ya liƙa tankin mai na biyu. A gaba kuma ya kafa mata wata katangar ƙarfe da ya haɗa da tsohon bututun famfo, wadda yayana ya fi ƙauna fiye da komai a jikin motar. Cewa yake ko da giwa ya yi karo, giwar ce za ta ji jiki. Birki ne kawai ba a ƙara wa komai ba, don birki ba a ganinsa daga waje.

Baffa ba ɗan'uwanmu ne na jini ba. Bafillace ne, aminin marigayi mahaifinmu, shi ya riƙa yi mana kiwon 'yan shanunmu tun muna ƙanana. Yana zaune kusa da wata rijiya mai zurfin gaske, irin wadda hannu ba ya iya jan guganta. Sa ake ɗaura wa igiyar, ya yi tafiya mai nisa kafin ruwa ya fito, ya juyo da kansa ba sai an kora shi ba. Samun sa wanda ya iya wannan ba aikin wata ɗaya ba ne. Baffa yana da guda ɗaya tak, wani jan takarkari mai haƙuri, kuma da ƙarfinsa dukan garken ke sha.

Wata ranar kasuwa a tsakiyar rani, da hantsi, yayana ya ga hanya ta yi yashi, sai ya yanke ta bakin rijiyar. Takarkari na tafe da igiyarsa. Yayana ya taka birki, birki ya ce bai san zancen ba. Katangar ƙarfe ta yi aikin da aka ƙera ta dominsa, ta karya wa dabbar ƙugu. Motar ta hau gefen tudu, ta kife a hankali kamar jaki mai birgima. Mutane sun tsira da ƙujewa, tumaki suka watse, aka yi maza aka sa wa takarkari wuƙa kafin ya tafi a banza.

Da la'asar yayana ya shigo gidana, yashi har cikin kunne, ya jefo mini takardar.

"Kai ɗan lakwal, duba muna wagga takarda. Shekara da shekaru ina ciyar da mutanen ga, yau ranassu ta zo."

Malamin lakwal ne ni, wato makarantar boko, kuma a gidanmu duk abin da aka rubuta da Faransanci wurina ake kawowa. Na sa tabarau, na gyara zama. Gaban takardar ban tsaya ɓata lokaci a kansa ba, wannan ai ko jandarma ya iya karantawa. Na juya bayanta, inda rubutu ya yi ƙanana kamar ƙwan kiyashi, don na san a nan masu wayo ke ɓuya. Na kuwa kama su wuri biyu. Wani layi ya ce ba a biyan ɓarnar mota in ta bar hanyar da aka san motoci na bi. Wani ya ce ba a biya in an sāke mata wani abu ba a sanar da kamfani ba. Daɗi ya kama ni, ina jin kaina lauya.

Na ce, "Yaya, in suka ji a daji abin ya faru, ba su biya. In suka ga ƙarafan nan, ba su biya. Sai dai motar ta faɗi a bakin kwalta, kuma ta faɗi yadda aka haife ta."

Ya dube ni da girmamawar da bai taɓa yi mini ba. Ya ce, "Ashe karatun ga naka shina da rana."

Washegari muka koma rijiyar da goro da ganyen shayi. Ni da bakina na yi wa Baffa bayani cewa maganar takarkari ba za ta shiga ba, kada ya gaya wa kowa, don in mutanen kamfani suka ji an ambaci rijiya komai ya lalace. Yayana ya dafa ƙirji ya ce ranar da aka biya motar, takarkari ne farkon abin da zai saya. Baffa ya karɓi goron.

Ya ce, "Ku ɗiyan abokina ne. Ku kuka san takarda. Abin da kuka ce shi za a yi."

Shi da mutanensa suka taya mu tayar da motar, da igiyar rijiyar tasa ma aka ja ta. Wata babbar mota ta janyo ta har kudancin gari, muka zaɓi wani kwari mai kyau a gefen kwalta muka kwantar da ita. Da gari ya waye, mai walda ya yini yana yanke abin da shi da kansa ya liƙa, yana tsaki. Kafin yamma motar ta koma kamar figaggiyar kaza. Rabin gari ya zo kallo. Mata masu zuwa itace suna tsayawa su ce, "Wagga ba ita ce ta faɗi a rijiya ba?" A ce musu su yi shiru, sirri ne. Haka aka riƙe sirrin, kowa ya sani.

Bayan 'yan kwanaki kamfanin ya aiko mutuminsa daga Maraɗi, wani siririn dattijo mai magana a hankali. Ya zagaya motar sau ɗaya. Ya shafa wuraren da aka yanke ƙarfe, suna ta ƙyalli sababbi fil. Ya duƙa ya ɓantaro busasshen kashin shanu daga cikin taya, ya ce kwaltar Dakoro akwai albarka. Daga nan ya fito da takarda ya soma tambaya.

"Ba ku kaɗe kowa ba?"

Yayana ya ce, "Ko kaza."

"Ba mutum, ba dabba, ba kayan wani?"

"Ni kaɗai da Allahna. Taya ta hwashe, na hwaɗa ramin ga."

Sau uku ya tambaya, har na fara jin haushin dattijon. Na karɓi takardar na rubuta bayanin da Faransanci mai kyau, irin wanda nake sa wa ɗalibai maki mai yawa a kansa. Yayana ya dangwala yatsa, ni na sa hannu a matsayin shaida, har da lanƙwasa a ƙarshe.

Dattijon ya ninke takardar ya ce, "To, alhamdu lillahi. Ba abin biya ke nan."

Ya nuna mana gaban takardar asurans ɗin, wurin da na raina. Akwai wani ɗan akwati da aka sa wa alama. Irin wadda yayana ke saya, mai arahar nan, ba ruwanta da motarsa, ko a kwalta ta faɗi, ko a daji, ko a ƙofar ofishinsu. Ɓarnar da motar ta yi wa wani kawai take ɗauka. Layukan da na kama a baya na masu sayen babbar asurans ne, takarda ɗaya ake buga wa kowa.

Na matso kusa da shi. Na ce, da muryar da ban san ina da ita ba, "To, a misali, da wani ne ya kaɗe dabba a daji fa?"

Ya dube ni ta saman tabaransa. Ya ce, "A misali, da sai a kawo mai dabbar da shaidu, a duba. Daji da ƙarafa za su jawo gardama, amma dai don irin wannan aka yi takardar. Ku kuwa kun rubuta ba ku taɓa kowa ba. Rubutunka da kyau, Malam."

Ban taɓa jin kunya irin ta wannan rana ba, kuma har yau in na tuna sai na ji haushin kaina ya taso sabo. Yayana ya zage ni tun daga bakin kwalta har gida, ya haɗa da lakwal da wanda ya kafa ta. Amma mota ta tashi. Kafin damina an miƙe ta, an mayar da keji da tanki, an mayar da katangar ƙarfe, an ma ƙara mata bututu ɗaya. An sayi sabuwar asurans, irin waccan dai, an cusa bayan madubi. Maganar takarkari kuwa aka ce sai kaka, da kaka ta zo aka ce sai kasuwa ta gyaru.

Da rani ya zagayo na bi motar zuwa wata kasuwa, muka tsaya a rijiyar zuba ruwa. Yayana bai sauko ba, ya duƙufa yana gyaran abin da bai lalace ba. Baffa na bakin rijiya. Saniyar tatsarsa ya ɗaura wa igiyar, wata fara mai ɗan maraƙi, ta rame har ana ƙirga haƙarƙarinta. Ba ta san aikin ba, tana tafiya tana tsayawa, shi kuma tsoho yana gefenta ya riƙe igiyar a kafaɗa yana taya ta ja.

Da ya gan ni ya saki fuska, ya tambayi iyali ɗaya bayan ɗaya. Sannan ya matso kusa, ya rage murya.

"Ɗana, takardar ta yi magana?"

Na ce ana dai jira, Baffa.

Ya gyaɗa kai. Ya ce, "To, madalla. Ni dai ban gaya ma kowa ba, kamar yadda kac ce."