Ranar da Na Ture Tsohon da Ke Share Coci

Ni ne da laifi. Na faɗa tun farko don kada wani ya nema mini uzuri, domin ni kaina na ƙoshi da uzurin da na yi ta ba kaina.

Takalma nake saya a Guangzhou ina aikawa Kano. Wata rana muka fita bayan gari duba masana'anta, ni da mai yi mini jigilar kaya, wani dattijo ɗan zangon Kumasi da ya iya Sinanci. Tun daga titin Huanshi Lu, a cikin gari, raina a ɓace yake. Tasi uku suka rage gudu, suka ga fatata, suka wuce. Azahar ta same mu a wani ƙauye. Dattijon ya shiga shago neman ruwa, ni kuwa gaggawa ta hana ni jira.

Na hangi wani tsohon gini na tubali mai ruwan toka, bangon gefensa an jera masa katantanwar teku, ƙofa da tagogi duk bakan gizo kamar soron mutanen da. Ban ɗaga kai na ga gicciyen da ke samansa ba. Daga bakin ƙofa akwai dutse da aka fafe kamar turmi, cike da ruwa. Na tsoma hannu na fara alwala. Na kurkure baki na tofar, har na kai ga ƙafa.

Sai ga wani tsoho da tsintsiya, yana ihu yana jan rigata. Ban ji yarensa ba, raini kawai na ji.

"Don ni baƙi ne ba zan taɓa ruwanku ba?" Na ture shi. Ya faɗi, gwiwar hannunsa ta fashe.

Dattijon ya sheƙo a guje. "Kai, Alhaji! Ka haukace ne? Cocin 'yan Katolika ne fa! Ruwan da suke shafa wa goshi in za su shiga ibada, shi ka wanke ƙafa da shi!"

Ya ɗaga tsohon, suka yi magana. A mota ya gaya mini dutsen ya girmi ginin, kakannin kakanninsu ne suka fafe shi. Lokacin da hukuma ta taɓa rufe cocin a shekarun baya, mahaifin tsohon ne ya binne shi a gonar shinkafa don kada a fasa.

Na ce, "To ai ba su rubuta ba."

Ya ce, "Da wani ya shiga masallacinku da takalmi, rubutu za ka nema masa?"

Kwana shida ina fushi, da masu tasi, da dattijon, da ƙasar baki ɗaya. Ƙarya nake, kaina nake jin haushi. Sa'an mahaifina na kayar a ƙofar ɗakin ibadarsa, kuma na san hakkin mutum sai mai shi ya yafe. Jirgina zai tashi daga filin jirgin Baiyun kashegari, in na tafi da wannan kaya, wa zai sauke mini?

Na roƙi dattijon ya raka ni. Muka tarar da tsohon yana shara, hannu a ɗaure. Na durƙusa, na ce a fassara masa kalma kalma, kada a gyara mini.

"Baba, na ɓata muku ruwa, na ɗaga maka murya, na kayar da kai. Ba ka yi mini komai ba. Ka yafe mini."